Bunsurun da Bai Taɓa Fita Ba

Shamsiyya ta karanta allon da ke ƙofar gonar da ƙarfi, kamar yadda take yi wa kowane allo tun da karatu ya zauna mata. An hana cin nama ko shan madarar waɗannan awaki. An hana haɗa su da awakin gari.

Babanta Gazali shi ke gadin wurin, can bayan Mabera. Awakin ciki jajaye ne kamar na kowa a Sakkwato, sai dai masu bincike sun taɓa halittarsu. Daga madararsu ake fitar da zaren ɗinke ciwo a asibiti. Don a riƙa gane su, kowace tana da farin zobe kewaye da idon hagu, kuma 'ya'yansu da shi ake haifarsu.

Jiya likitan dabbobi ya ga ɗan akuya mai wannan zoben a Kasuwar Kara, mahauci na tayawa. Gobe masu gonar za su zauna a kan Gazali. In laifin ya tsaya a kansa, aiki ya tafi, wataƙila har da kotu.

"Wallahi ko ƙahwa guda ba ta hita ƙohwar ga ba," in ji Gazali. "Kuma kada Inna ta ji. Kin san hawan jininta."

Inna Tani, kakar Shamsiyya, tana can ƙarƙashin dogonyaro a ciki, kusa da garken bunsuru, inda take zama kullum in ta kawo masa abincin rana. Mutum ba ya barin uwarsa a bakin ƙofa cikin rana. Yana ci, ya tafi azahar, ita ta riƙe masa wurin. Jar akuya na igiyarta kamar kullum, don ta ce in an bar ta gida sai ta cinye shanya.

Shamsiyya ko gaishe ta ba ta tsaya yi da kyau ba. Ta ɗaga hannu, ta tare Keke Napep.

A Kara ta kutsa tsakanin raguna da kukan awaki har ta samu Jelani dillali, wanda aka kama ɗan akuyar a hannunsa.

"Wa ya kawo maka shi?"

"Ke ɗiya, babu sallama? Gobara anka yi?"

"Salamu alaikum. Wa ya kawo maka shi?"

Ya yi dariya duk da ransa a ɓace yake. "Wata malamar makaranta, Maman Joy, can Sabon Gari. Tahi ki hau ta da masihwa, ni na sha tawa."

Hanya ta cushe. Ta sauka daga Keke ta ƙarasa da ƙafa, takalminta na cizonta, idonta na karanta allunan shaguna ba don tana so ba. A ranta ta riga ta gama shari'a. Wani ma'aikaci ne ya saci bunsuru, ya ba da haya, ya bar wa Baba wuta. Suna kawai take nema.

Maman Joy na wanke-wanke a tsakar gida. A gefe ga wata 'yar akuya tana tsalle a kan turmi. Zoben na nan a idonta, fari tas.

"Mama, ina kika samu bunsurun da ya yi wa akuyarki barbara?"

Matar ta dube ta sama da ƙasa, ta yi murmushi. "Ke ba yarinyar Gazali ba ce? Ni za ki tambaya? Ai daga gidanku alherin ya fito. Ko sisi ba a karɓa mini ba. Ba ni kaɗai ba ma, har su..."

Shamsiyya ba ta ji ƙarshen ba. Tana waje.

Daga gidanku. Ashe Baba rantsuwar ƙarya ya yi? Baba da ko goro ba ya ɗauka sai an ce bismilla? Abinci ya ƙi shiga ranar. Da ya dawo ta kasa kallonsa, ta kasa tambayarsa. Ta zauna, ta tashi, ta share tsakar gidan da aka riga aka share.

Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a ya fita, masu gonar za su zo bayan azahar. Ita kuma ta kasa zaman aji. Kafin a tashi ta sulale ta nufo gida, ta ƙudura za ta bi shi ta faɗa masa abin da ta ji, ko me zai faru ya faru.

A zaure ta yi karo da Inna Tani, kwanon tuwo a ka, igiya a hannu, jar akuya na binta.

"A hankali, sarauniyar gaggawa! Wata rana sai kin bar ƙahwarki baya."

Shamsiyya ta raɓa ta wuce don ajiye jaka. Sai ta tsaya cak.

Akuyarsu na nan a turkenta, tana tuƙa, tsohuwa mai karyayyen ƙaho. Igiyarta ta yi kaushi a jikin turken, alamar ta daɗe ba a kwance ta ba.

Ta juyo a hankali. Karo na farko ta kalli wadda ke hannun Inna da kyau. Ƙahonta biyu lafiya lau.

"Inna, wagga ta wa ce?"

"Ta matar liman, jiya ta gidan tela anka kai," in ji tsohuwar, tana gyara kwanon a kanta. "Bunsuru shina zaune banza a hannun ɗana, maƙwabta na nema, ni ko in hana? Matsa mini, azahar ta kusa."