Zango Uku a Kan Dutse

Tunda ka ce aiki ya sha maka kai, shekara huɗu ke nan ba ka leƙa gida ba, zauna in ba ka labarin dutsen nan da ke bayan garinmu. A da can, ƙudan zuma na yin saƙa a ƙololuwarsa, kuma mutum ɗaya ne ya san hanyar hawa, wani siririn tsoho mara yawan magana, Allah ya jiƙansa. Wata shekara tari ya kama mahaifiyar wani tela, aka ce maganinsa sai zumar dutse. Telan nan ko katanga bai taɓa hawa ba, amma ya bi tsoho. Da hantsi suka ɗaura igiyar rama ɗaya a ƙugunsu. Hawan zango uku ne. Tsoho zai yi gaba har ya ɓace, ya sami ɗan wurin tsayawa, ya naɗe igiya a saiwar gamji, ya ja ta sau biyu, sannan tela ya biyo shi. A kowane zango sai tsoho ya ce, "Juya ka dubi inda ka fito." Tela ya ce, "Baba, ka rufa mini asiri, juwa nake ji." Ina! Sai da ya duba, ya nuna tsagar da ya sa ƙafa, da farin kashin tsuntsun da ya bari a hagu, da dutsen da ke girgiɗi in an taka. A ransa kuwa cewa yake tsohon nan mugunta ce kawai ke cinsa.

Da suka kai sama suka hura hayaƙi, sai iska ta juya, ƙudan zuman suka yi wa tsoho caa a fuska. Kafin ƙwaryarsu ta cika da zuma, idanunsa sun kumbura sun rufe ruf. Ga rana ta take, ba mai jin kiransu daga gari. Tela ya leƙa ƙasa, sai ya ga ashe ya san hanyar kamar yadda ya san ɗinkin aljihu. Shi ya riƙa zura tsoho da igiya yana cewa, "Hagu, Baba. Ƙasa kaɗan. Kada ka taka wannan." Haka suka sauko zango ukun nan, uwa ta sha zuma ta warke.

Yau ƙudan sun tashi, tsoho ya daɗe a ƙasa, wallahi ina kewar zamanin nan. Telan dai yana nan da ransa, ido ya yi rauni, ko zare ba ya iya zurawa a allura. Kullum da la'asar yana ƙofar gida yana sauraren ƙarar mota. Mahaifinka ne. Ka hau, mun gode wa Allah, amma ka juya ka dubi inda ka fito. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce waiwaye adon tafiya.