Mota Mai Gwame

Da hantsi Malam Nomau ya tsuguna gaban wata tsohuwar Korola, ya shafa tayar gaba da tafin hannu. Gefen waje lafiya lau. Gefen ciki ya cinye sumul, har waya ta fara leƙowa.

Ya ja da baya ya dubi motar. Ta kusa kwanciya a ƙasa, ƙafafunta na gaba sun yi gwame, sama ya shige ciki, ƙasa ya buɗe. Shekara arba'in yana gyaran mota a Zango, ya san wannan ciwon. An yanke rasor, ƙarfen nan mai naɗi da ke ɗauke da nauyin mota, aka sauke ta ƙasa, ba a daidaita ƙafafun ba.

Matar da ta kawo motar tana zaune a kan benci ƙarƙashin rumfar kwano. Ta ce sunanta Munira, daga Takieta take. Idanunta sun kumbura kamar na wadda ta kwana biyu ba ta huta ba, kuma tana yawan duba agogo. Malam Nomau ya dafa murfin inji don ya miƙe, ya ji shi da ɗan ɗumi kawai, duk da nisan Takieta. Ya ce a ransa motocin zamanin da akwai haƙuri.

Babu wata mota a garejin. Ramin gyara ya cika da ganyen dogon yaro.

Ya ɗaure zare daga tayar baya zuwa ta gaba, hagu da dama, ya auna da 'yar sanda. Sannan ya rataye noti a bakin wani zaren ya jingina da tayar, don ya ga iyakar karkatarta. Idonsa bai yi kuskure ba. Ya lalubi kile, ƙarfen kwance noti, mai lamba sha tara bai samu ba. Munira ta ce ya duba cikin gwangwanin madara, bayan ƙofa. Yana can kuwa.

Ya ɗaga motar da jak ya shige ƙarƙashi. Ya yi shirin kokawa da tsatsa, sai notin suka juya salin alin, har da sauran mai a jikinsu. Ya fara mita daga can ƙasa. Ya ce samarin yanzu ne da wannan aiki, su sauke mota ta yi ta jan ciki don 'yan mata su kalla, a garin da kowane titi rami ne. Ya tambayi wane ne ya yi wannan yankan.

"Mai motar ne da kansa, Baba," in ji Munira. "Matarsa ce ke ciwon gwiwa, ba ta iya ɗaga ƙafa ta shiga. Ya sauke mata ita don ya riƙa kai ta likita."

Malam Nomau ya ɗauko tocila. Ya haska yankan ya sake dubawa. An yi shi daidai wa daida, an goge bakin ƙarfen yadda ba zai ci roba ba. Ya yarda mutumin ya san aiki, gaggawa ce ta hana shi ƙarasawa. Ya tambayi jikin matar.

"Ta rasu bara waccan."

"Allah ya jiƙanta," ya ce, ya ci gaba da ɗaure noti.

Munira ta kau da kai tana kallon 'yan kabu-kabu da ke wucewa.

Aikin ya kai shi har kusan azahar. Ya tura saman ƙafar waje kaɗan kaɗan, ya fito ya auna, ya koma. Sau biyu yana tambayarta sunanta, sau biyu tana faɗa ba tare da ta canja murya ba. Da zaren ya tsaya cak a jikin kowace taya, ya sauke motar, ya zauna a mazaunin direba don ya ga ko sitiyari ya miƙe. Bai ko matsar da kujerar ba, ƙafarsa ta kai inda ake so.

Ya fito yana share zufa, fuskarsa a sake. Ya ce ta gaya wa mai motar ya sayi sababbin tayoyi. Shi kam ya gaji, zai yi salla ya kwanta.

Munira ta yi godiya ta ja motar. Ba ta kama hanyar Takieta ba. Ta karya dama, ta sake karyawa dama, ta shiga wani lungu, ta tsaya a ƙofar bayan wani gida. Ta kashe inji ta kifa goshinta a sitiyari.

Mijinta Idirisu ya fito da kile a hannu. Ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin motar, ya sassauta notin da aka gama ɗaurewa yanzu, ya tura ƙafar ta koma gwamenta. Da ya fito ya ce mata wata bakwai ke nan kullum abu ɗaya, a wurin aikinta ma an fara magana kan makararta. Ya tambaye ta har yaushe.

Ta ce ba ta sani ba. Abin da ta sani, duk ranar da ba a kai mota ba, tsohon yakan kama titi a ƙasa. Wancan karon sai a bayan gari aka tsinto shi, ƙafa duk jini, yana tambayar mutane ko sun ga matarsa, zai kai ta likita.

Ta gyara mayafinta, ta ɗauki kwanon tuwo ta ratsa tsakar gida zuwa rumfar kwano, inda mahaifinta Malam Nomau, wanda mantuwa ta kama, ke wanke hannu yana jin daɗin ya gyara wa wata baƙuwa motar da shi da kansa ya sauke wa mahaifiyarta.