Sallamar da Kaka Ke Amsawa

Bayan la'asar Barau ya iso Aliero, ya tarar da Umaima a zaure tsakanin buhunan albasa, kanta a sunkuye. Shi da ke karanta labarai a talabijin tun da aka kafa Jihar Kebbi wata takwas da suka wuce, harshensa bai taɓa sarƙewa ba, amma yau da ƙyar ya haɗa tambaya ɗaya.

"Mi anka yanke kan zancen aurenmu?"

"Baba ya yarda," in ji ta, tana murza bakin gyale. "Kaka ce tac ce a'a."

"Mi niy yi mata?"

"Wai ba ka da ladabi. Wata takwas kana yi muna sallama cikin akwati, tana amsawa, tana tambayarka gajiya da mutanen gida, kai ko sai ka wuce ga zancen takin zamani."

Ya dube ta da kyau. Kafaɗunta rawa suke, dariya take dannewa. Sannan ya hango ƙafafun tsohuwa a ƙarƙashin asabarin ƙofa. Nan take ya durƙusa, ya fuskanci asabarin.

"Salamu alaikum, Kaka."

"Wa alaikumus salamu. Ina gajiya, ɗan nan?"

"Ba gajiya, Kaka. Mutanen gida lahiya lau, suna gaishe ki."

"A'a! Ashe yana ji!" Tsohuwa ta tafa hannu. "To, a ba shi. Amma ke Umaima, riƙa ɗaga murya."

Umaima ta ɗago ido, ta ce ƙasa-ƙasa, "Sannu da zuwa."

Wannan kam ya ji shi sarai.