Fiton Baba a Al Quoz

Ina aji biyar lokacin. Wata Alhamis bayan an tashi daga makaranta, na zauna a shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki inda Baba yake aiki a unguwar Al Quoz, a ƙasar Larabawa inda muke zaune, ina jira ya gama mu tafi gida. Wurin sai warin man inji da ƙonanniyar waya. Baba yana kwance wata fanka, yana fiton waƙar nan da ake rerawa da Hausa a cocin ƙauyenmu can gida. A gidanmu kowa ya ɗauka kakana, shugaban mawaƙan cocin, shi ya ƙirƙiro ta.

Na ce, "Baba, yau malamar kiɗa ta kunna mana waƙar nan. Wai ta Amurkawa ce. Sojojinsu ne suka yi maci da ita a yaƙin basasarsu, wata mata ta rubuta mata baitoci. Har masu kallon ƙwallo suna rera ta."

Fiton ya tsaya. Ya ajiye sifana, ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Yaƙi?" ya ce.

"E, Baba."

"To. Su da ita suka tafi kashe juna. Mu da ita muka raka babana kabari."

Ya ɗauki sifanar, ya ci gaba da fiton daga inda ya tsaya.

Da na girma na bincika, malamar ta yi gaskiya. Tun ranar ban sake jin Baba ya ce kakana ne ya yi ta ba, bai kuma daina fitonta ba. Ni dai ko ina aka kunna ta, warin man inji nake ji.