Limamin da Ƙidaya Ta Ɓace Wa

Ranar da Malam Jaye ya yi wa Magariba raka'a huɗu, mutanen sahu sun yi ta "Subhanallah" a bayansa. Ya ji su sarai. Abin da ya gagare shi shi ne sanin inda yake: ta biyu ce, ko ta uku?

Malam Jaye fa, limamin wani ƙauye kusa da Cadawa, wanda ake zuwa ɗauka a babur don rabon gado! Runtse ido kawai yake yi ya fitar da tumuni da sudusi da ka, kafin shayi ya tafasa.

Da safen ranar kansa ya sara, hannun dama ya yi nauyi na ɗan lokaci, sannan ya warware. Bai gaya wa kowa ba.

Bayan sallama ya ɗaga hannu zai yi tasbihi a gaɓoɓin yatsu, sai ya tsaya yana kallonsu kamar na wani. Tsoro ya kama shi. Karatu kuwa yana nan daram, ya ja Yasin har ƙarshe ba tuntuɓe.

Wannan ne ya ruɗa gari, kuma mutanenmu ba sa rasa bayani. "Mai jan Yasin haka ba ciwo gare shi ba," in ji ƙanensa Idi. "Jifa ce. Wani ne bai ji daɗin rabon gona ba."

'Yarsa Nazira ta durƙusa gabansa. "Baba, don Allah mu tai likita a auna maka tansiyo, a ga ko hawan jini ne."

"In ce masu mi? Ƙidaya ta ɓace mini? Su yi mini dariya?"

Aka shiga turare da jiƙe-jiƙe. Don kada limanci ya kuɓuce, suka shirya da Idi a asirce: in an kai raka'ar ƙarshe, Idi zai yi tari. Haka damina ta wuce, Malam yana sallah kunnensa na kan maƙogwaron ƙanensa.

Wata La'asar ya yi sujada bai ɗago ba. Idi ya yi ta tari.

A asibitin Maraɗi, yana kwance ɓarin dama a mace, baki a karkace, ya ji likita tana yi wa Nazira bayani.

"Ƙwaƙwalwa gida ce mai ɗakuna. Inda hadda take daban, inda ake gane yawa da kaɗan daban, can sama da kunne. Gaban goshi kuma shi ke riƙe lissafi har a gama. Hawan jini ne ya fara taɓa ɗaki guda, shi ya sa karatu ya tsira. Gargaɗi ne. Da kun zo a lokacin, da wataƙila mun tare wannan."

Ya so ya ce laifinsa ne, ba na yarinyar ba. Harshe ya ƙi.

Yanzu yana kwance a zaure, katanga ɗaya tsakaninsa da masallaci. Idi ne ke jan sallah. Malam yakan ji kabbara tana tashi tana sauka, ya kasa kunne yana jiran tari, amma ba mai yi.

Jama'a, idan mutum ya wayi gari lissafin da ya saba ya ɓace masa, ko hannu ya yi nauyi, kada a tsaya neman wanda ya yi jifa. A kai shi asibiti a ranar, ko da bakinsa garau yake.