Gudumar Baban Eric

A bugun guduma na uku sinkin wanke-wanke ya rabe gida biyu.

"Ko tayil ɗaya ba zan bar musu ba!" in ji Japheth, yana huci.

Wata huɗu ya yi yana gyara kicin ɗin gidan da suke haya a Dogarawa, duk Asabar, da hannunsa. Shi ya kwaɓa siminti, shi ya ja famfo, shi ya liƙa tayil. Yau da safe mai gida ya zo ya ce ya sayar da gidan, wai mai sayen ya yaba kicin ɗin.

"Da gumina za ka yi talla? Azzalumi!"

Ya farfashe kantar kicin ɗin, ya ɓalle ƙofa. Yana share gumi matarsa Keziya ta dawo daga kasuwar Samaru, da ambulan a hannu.

"Baban Eric, me ka yi?"

"Sabon mai gidan ya zo ya tuƙa tuwo a nan in gani!"

Ta wurga masa ambulan ɗin, takardun gidan suka zubo.

"Adashina ne na shekara shida. Da sunan yayana na saya, don kada danginka su sa ido. Ga sabuwar mai gidan a gabanka. Gobe Asabar, sai ka nemo siminti."