Sunan Ɗan Fari

A ƙasar da Ɗayyabu ya ƙarar da ƙuruciyarsa, doka ta ce baƙo zai iya zama ɗan ƙasa ya kuma riƙe ƙasarsa ta haihuwa, muddin wani na gida ya ambaci sunansa a gaban na'ura. In ba haka ba, a shafe shi daga rajistar ƙasar haihuwarsa.

Inna kaɗai ta rage masa a Gumel. Ranar da ya je ofishin rajista, fuskarta ta bayyana ta bidiyo a bangon ofishin, duk ta tsufa.

"Faɗi sunan wannan mutum," in ji na'urar.

Inna ta sunkuyar da kai. Ɗan farinta ne, tun da ta haife shi kunya ba ta bar ta ta kira sunansa ba.

"Ai yaron nan ne," ta ce. "Nawa ne."

"Ba a karɓa ba."

"Inna, don Allah," ya ce. "Yau kaɗai."

Lokaci ya cika ba ta faɗa ba, na'urar ta yanke sauti.

Ma'aikaciyar ofishin ta miƙo masa katin ƙasa ɗaya tak. Bai ko dube shi ba. Bangon yake kallo, inda leɓunan Inna ke motsi a hankali, suna faɗin abin da bai taɓa ji daga bakinta ba.